Tambayi Goggo: An Buɗe Shagon Sanwici a Layinmu, In Shiga?

Tambaya

Assalamu alaikum Goggo, barka da ƙoƙari. Ni ɗan zangon Kumasi ne, ina zaune a Bronx cikin birnin New York, ina aiki a shagon gyaran wayoyi. Hutun abincin ranarmu rabin awa ne, inda ake sayar da tuwo da waakye kuwa sai na hau bas. Kwanan nan aka buɗe wani ɗan shago a layinmu, an rubuta a ƙofa wai sanwicin Kudancin Amurka suke sayarwa. Kullum ƙamshi yana hana ni sakat, abokan aikina suna ta shiga, ni kuwa na leƙa takardar abincinsu ban gane komai ba: arepa, patacón, pepito, chivito, choripán, lomito. Ina tsoron in ci alade ban sani ba, ina kuma jin kunyar tsayawa ina tambaye-tambaye mutane na jira a bayana. Na haɗo miki da kwatancen wurin. In shiga, ko in haƙura da shayi da burodina?

Ɗanki a Bronx

Amsa

Wa alaikumus salam ɗana. Ka shiga, amma kada shigarka ta farko ta zama a hutun rana. Ka leƙa da hantsi kafin a taru, ko bayan azahar idan layi ya watse, ka yi tambayoyinka a tsanake. Washegari sai ka shiga kai tsaye ka faɗi abin da kake so. Cunkoso ne ke sa ka jin kunyar, in ka kauce masa babu sauran abin nauyi, kuma matambayi ba ya ɓata.

Na bi kwatancenka na je, tare da wata maƙwabciyata 'yar Maraɗi wadda ba ta yarda da duk abincin da ba a tuƙa da muciya ba. Da gangan na ɗauke ta, don in ta ci to kowa zai ci. Wurin ƙarami ne, tebura kaɗan, kanta, sai wani faffaɗan farantin ƙarfe da ake gashi a kai, kana tsaye kana kallon duk abin da aka ɗora. Matar da ke da shagon 'yar Maracaibo ce, babban birnin yankin man fetur na Benezuwela. Tana cikin mutum sama da miliyan 7 da suka bar ƙasar tun da tattalin arzikinta ya durƙushe wajen 2014, shi ya sa za ka ga irin waɗannan shaguna suna ta tsirowa a New York, da Madrid, da Lima, da Bogota.

Kudancin Amurka nahiya ce mai ƙasashe 12, kowacce da abincinta, don haka takardar da ta rikita ka girkin ƙasa uku ne aka haɗa. Arepa da patacón da pepito, wato dogon burodi da ake cusa wa gasasshen nama, na ƙasar matar ne. Chivito na Yurugwai ne. Choripán da lomito kuma an ɗebo su daga Ajantina don a jawo masu saye. A ganina, a kowane irin wannan shago ka ci abin da mai wurin ta tashi tana ci a gidan uwarta, shi ne hannunta ya faɗa a kai. Ga sa'a, a nan ɗin abincin ƙasarta shi ne kuma ya fi sauƙin tantancewa ga Musulmi.

Choripán ka cire shi daga lissafi. Tsiran chorizo ne ake tsagawa a gasa a cusa cikin burodi, kuma a Ajantina da naman alade ake yin sa, ko a gauraya da na shanu. Ko an ce maka na shanu ne zalla, kitsen ciki da hanjin da aka ɗura shi a ciki yawanci na alade ne. Chivito kuma shi ne tarkon da ya fi kama 'yan'uwanmu, domin wanda ya ɗan tsinci Sifaniyanci zai ji sunan ɗan akuya ya ce ya samu nasa. Babu akuya a ciki. Ana ba da labarin cewa a shekarun 1940 wata baƙuwa ta nemi naman akuya a gidan abincin El Mejillón da ke Punta del Este, mai gidan, Antonio Carbonaro, ba shi da shi, sai ya haɗa mata yankan naman sa da yankan cinyar alade a burodi, sunan ya bi abin. Yau chivito cikakke yana ɗauke da naman sa, da alade iri biyu, da cuku, da ƙwai, da tumatir, da zaitun. Lomito kuwa sai ka san na wace ƙasa ne: a Ajantina tsokar bayan sa ce, a Cile tsokar alade ce. Ko na Ajantinar ma, in an ce completo, to an shimfiɗa masa yankan alade a sama.

Ga kalmomin da za ka ajiye a wayarka, duk inda ka gan su alade ne: cerdo, cochino, chancho, puerco, jamón, tocino ko tocineta, pernil, chicharrón, chorizo, morcilla. Ka ƙara da diablitos, wani niƙaƙƙen nama na gwangwani da 'yan Benezuwela ke shafawa a arepa, da cachito, ɗan burodin nan mai kyan gani da ke cikin gilashi kusa da kanta. Shi ne maƙwabciyata ta fara nunawa da yatsa kafin in riƙe mata hannu.

Waɗannan duk a rubuce suke, mai ido zai gani. Abin da ya kai ni shagon shi ne wanda ba a rubutawa.

Na fara da wake. 'Yan Benezuwela suna dafa baƙin wake ya yi laushi da romo mai kauri, kuma gidaje da yawa da gutsattsarin tocineta suke fara soya albasar. Ka ce a ba ka wake da cuku kana ganin ka tsira, ashe tun a tukunya aka gama da kai. Na tambayi matar, ta ce nata albasa da tafarnuwa da tattasai ne kawai, saboda tana da masu saye da ba sa cin nama sam. Amma wannan amsar shagonta ce, wani shagon sai ka sake tambaya. Na biyu burodi. A Cile da Peru da Kolombiya akwai burodin da ake murzawa da kitsen alade, suna ce masa manteca. A Ajantina da Yurugwai kuwa manteca man shanu ne. Don haka in an ce maka akwai manteca kada ka tsaya nan, ka ce de cerdo ko de leche, wato na alade ne ko na madara. Ita matar saro burodinta take yi, ta ɗauko min ledar na karanta, man ganye ne.

Sai farantin gashin. Nan ne hankalina bai kwanta ba da farko. A idona yaron da ke gashi ya soya tocineta ta wani mai pepito, ya kankare da ƙarfe, ya fasa ƙwai a daidai wurin. Kitsen da ya narke bai je ko'ina ba. Da na yi magana, ba ta ɓata rai ba, ta nuna min wani kasko zagayayye a gefe da suke kira budare, wanda arepa kaɗai ake gasawa a kansa, ta ce ƙwai kuma za a soya min a kaskon hannu daban. Haka za ka nema kai ma. Ka kuma tambayi man suya, ko a cikin wanda ake soya agada ake jefa chicharrón. Ita dai ba ta sayar da chicharrón, pernil take yi, shi kuma a obin ake gasa shi.

To me muka ci? Arepa. Curin masara ne da ake faɗaɗawa ya kai tafin hannu, kaurinsa kamar yatsa biyu, a gasa bayan ya yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras cikin ya zauna da laushi, a tsaga a cusa haɗi. Masara ce da ruwa da gishiri, babu yis, babu kitse, sai dai in an rubuta arepa de chicharrón, wadda aka murza da alade tun a ƙullu. Mutanen ƙasar suna cin ta tun kafin Turawan Sifaniya su iso, kuma har yau Kolombiya da Benezuwela ba su daina musu kan wa ya fara ba. Ni na ɗauki dominó, baƙin wake da farin cuku mai gishiri, na ce a ƙara min soyayyar agada nunanniya. Zaƙin agadar da gishirin cukun da romon waken da ya jiƙa cikin masarar, gaskiya ban tsammaci haka ba. Romo yana ɗiga, ka ɗebi takardar goge hannu da yawa, kada ka koma kan wayoyin mutane da maiƙo. Maƙwabciyata ta ɗauki perico, ƙwai da aka soya da tumatir da albasa. Ta cinye tas, sannan ta ce ba laifi, amma an yi wa masara rowar miya. A bakinta wannan yabo ne.

Muka raba patacón guda. Shi babu burodi sam: ɗanyar agada ake soyawa, a danne ta ta baje, a sake soyawa, a yi sama da ƙasa da ita, a cusa haɗi a tsakiya. Abincin Maracaibo ne, kuma a nan matar ta fi nuna gwaninta. Namu cuku ne da fiya da kabeji da tumatir. Ka ce a cire jamón tun kafin a fara haɗawa, don a garinsu kusan kullum ana sawa. Yana da daɗi, amma mai ya yi masa yawa ga wanda zai koma ya zauna yana kwance ƙananan kusoshi. Ka bar shi sai ranar da ba ka da aiki, in ba haka ba gyangyaɗi zai kama ka kafin la'asar.

Abu ɗaya da zai ba ka haushi: babu yaji. Suna da wani barkono da suke kira ají dulce, ƙamshinsa na attaruhu sak, amma ko jariri ba zai sa kuka ba. Koren romon da ke kan tebur, guasacaca, fiya ce da ganye da tafarnuwa da ruwan kal, yana da daɗi amma shi ma salihi ne. Ka ce picante, za a fito maka da wata kwalba daga bayan kanta. Ni ban jira ba, yajin ƙuli na jakata na zaro, kai kuma ka taho da shitonka, yajin nan naku na Gana, a ƙaramar roba. Kan ruwan kal ɗin, kada ka damu don ka ji an ce daga inabi aka yi shi. Malamai sun halatta kal, akwai ma hadisi a Sahihu Muslim da ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci.

Saura maganar nama, wadda na san ita ce a ranka. Akwai arepa masu naman sa da aka dafa aka yayyaga, kamar pelúa da pabellón, akwai kuma shahararriyarsu, reina pepiada, kaza da fiya da mayonis, wadda aka raɗa wa suna don girmama Susana Duijm, 'yar ƙasar da ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 1955. Babu alade a cikinsu, amma naman ba yankan Musulmi ba ne, na tambaya. Ka san malamai sun yi saɓani kan naman kasuwannin ƙasashen nan. Wasu sun dogara da aya ta 5 a Suratul Ma'ida da ta halatta abincin Ahlul Kitabi, wasu sun ce yadda ake kashe dabbobi a manyan mayankan inji bai cika sharaɗin yanka ba. Wannan ka kai wa limaminku, ni girki na sani. Abin da nake yi a karan kaina shi ne, a birnin da mahautan halal suke birjik kamar New York, ba na ganin larurar da za ta sa in ci. Wake, ƙwai, cuku, fiya da kifin gwangwani da suke kira atún sun ishe ni.

Amma ga wata dabara da sabon shago kaɗai ke ba da damarta. Mai tsohon wuri ya riga ya samu mutanensa, ba ya sauraron kowa. Wannan matar kuwa yanzu take neman kafa ƙafa, haya na jiran ta ƙarshen wata, kuma na lura layinku cike yake da 'yan Gana da Gambiya da Gini da Senegal waɗanda suke wucewa ba sa shiga saboda tsoron da kake ji. Na faɗa mata haka, na ce in ta sayi kazarta wurin mahaucin halal, ta ware mata tukunya da cokali, ta rubuta a ƙofa, za ta ga canji. Ta saurara sosai, har ta tambayi bambancin farashi. Ni baƙuwa ce a layin, maganata ta rana ɗaya ce. Ku da kuke nan kullum, ku haɗu ku uku ko huɗu ku maimaita mata.

Game da rabin awarka: arepar kirki tana cin lokaci a kan wuta, mu mun jira kusan kwata. Ka karɓi lambar shagon ka riƙa kira kafin ka fito. Kada ka saya ka ajiye sai an jima, in ta huce tauri take yi. Guda ɗaya ta ƙosar da ni, kai saurayi wataƙila ka ƙara da tequeños, sandunan cuku da aka naɗe da fulawa aka soya. Kuɗin ya ɗan fi na shinkafa da kazar masu amalanken halal na bakin titi, don haka ba abincin kullum ba ne ga mai aika kuɗi Kumasi.

Tambaya

Goggo ina wuni. Ɗaliba ce ni a Madrid. Ƙawata 'yar Peru ta kai ni shagon sanwicin ƙasarsu ta saya min wani abin sha mai suna chicha. Da na gaya wa wani ɗan ajinmu sai ya ce ai giya ce. Hankalina ya tashi.

'Yarki a Madrid

Amsa

Kwantar da hankalinki 'yata, ki tuna launinsa. In baƙi-baƙi ne mai ja, wanda a ido sai ki rantse zoɓo ne, to chicha morada kika sha. Wata masara ce mai launin shuni da ake tafasawa da ɓawon abarba da kirfa da kanumfari, a tace, a sa sukari da lemon tsami. Babu maye a ciki, yara ma suna sha, kuma ita ake sayarwa a shagunan sanwici. Ɗan ajinku chicha de jora yake nufi, mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ake tsirar da masara a bar ta ta yi tsami. Wannan kam tana sa maye, kuma 'yan Peru kan zuba ta a wasu girke-girken nama, don haka ki riƙa tambaya. A shagon 'yan Benezuwela kuma in kin ji chicha kawai, shinkafa ce da madara da kirfa, fara mai kauri, sai dai wadda suke kira andina ana barin ta ta yi tsami, ki bar ta. Wurin 'yan Kolombiya ki guji refajo, lemon kwalba ne da aka gauraya da giya. Wanda ni na fi so shi ne papelón con limón: mazarƙwaila ce aka narkar a ruwa da lemon tsami da ƙanƙara. In za ki koma shagon, ki sani pan con chicharrón da butifarra, manyan sanwicin Lima, duk alade ne. Ki nemi triple, mai fiya da tumatir da dafaffen ƙwai, ko na soyayyen kifi.

Tambaya

Goggo sannu da aiki. Na ga ana yin arepa a wani bidiyo, na gwada da garin tuwon masara, duk ta farfashe a kasko, cikin kuma ɗanye. A Kano nake, ban ga garin da suke amfani da shi a kantuna ba. Akwai dabara?

Ƙanwarki a Gwammaja

Amsa

Laifin ba na hannunki ba ne ƙanwata, na garin ne. Wanda kika gani a bidiyon, mai jakar rawaya, Harina P.A.N., an riga an dafa masararsa kafin a busar a niƙa. Kamfanin Polar ne ya fito da shi a 1960. Masara ba ta da danƙo irin na alkama, dahuwa ce ke sa ta kama jikinta, shi ya sa ɗanyen gari ba zai taɓa haɗuwa ba. In wani ya taho miki da shi daga waje, kofi 2 na gari ake zubawa a kofi 2 da rabi na ruwa da ƙaramin cokalin gishiri.

Amma ba sai kin jira tsaraba ba. Kafin 1960 matan Benezuwela a turmi suke surfa masara, su dafa, su niƙa, kuma har yau masu son ta gargajiya sun ce ta fi daɗi. Duk kayan aikin suna gidanki. Ki samu farar masara a surfa miki ita sosai, ki bakace dusar, ki wanke, ki jiƙa ta kwana. Da safe ki dafa, amma ki tsaya a kanta: so ake in kin danna ƙwaya da yatsa ta lotse, tsakiyar na da ɗan sauran ƙarfi. In ta fashe ta yi luguf, ƙullun zai yi ta manne miki a hannu. Ki tsane ta a kwando ta huce gaba ɗaya. Sai ki kai inji a markaɗa ba tare da ruwa ba, ko da ɗan yayyafi kawai. Ki roƙi mai injin ya wanke shi tukuna, in ba so kike arepar ta fito da launin kayan miyar wadda ta riga ki ba. In kaɗan ce, turmi ya wadatar, ki kirɓa har ta yi sumul.

Ki sa gishiri ki murza da hannu kina yayyafa ruwan ɗumi. Gwajin shi ne ki cura ki danna: in gefen ya tsage, yana buƙatar ƙarin ruwa. Ki faɗaɗa kowane curi a tafin hannu, kada ya yi siriri don za ki tsaga shi. Ki shafa mai kaɗan a kasko mai kauri, wuta matsakaiciya, minti 5 zuwa 7 kowane gefe har ya yi ɓawo. Daga nan ki rage wuta ki rufe kamar minti 10, ko ki jingina su gefen garwashi kina juyawa. In aka tsallake wannan matakin, cikin zai zauna ɗanye. Ki ƙwanƙwasa da yatsa, in kin ji amon fanko ta gasu.

Ki tsaga da zafinta, ki bar gefe ɗaya a haɗe don kada haɗin ya zube. Farin wakenmu yana yi in kin dafa shi da albasa ya yi romo mai kauri. Dafaffiyar kaza da kika yayyaga kika cakuɗa da fiya ita ma tana yi. Dambun nama kuwa ya cika bushewa, sai kin ɗan jiƙa shi da miyar tumatir. Wadda ta kwana ki raba ta biyu ki soya a man shanu da safe, yara su sha shayi da ita.